Da Me Aka San Shi?

Wata rana da dare, bayan sallar lisha, na zauna a teburin wani mai shayi a Kalgo, bakin hanyar da ta fito daga Birnin Kebbi. Samari huɗu na zaune bisa benci, sun haɗa kai a kan wayar hannu guda, gardama ta sarƙe. Wannan ya ce wane za a kora ran Lahadi, wancan ya rantse ba za a kore shi ba, domin shi kaɗai ya jefa masa ƙuri'a ta fi ashirin. Na zaci zancen zaɓen kansila ake yi. Ashe wani wasa ne na talabijin da ake yi a Ikko, ana ce da shi Big Brother Naija.

Da gardama ta lafa sai na ce, "Samari, shi wannan gwanin naku, da me aka san shi? Maɗinki ne, ko mawaƙi, ko malami?" Suka dubi juna. Can sai ƙaraminsu ya ce, "Baba, ai sananne ne." Na ce, "Na ji. Sananne da me?" Ya ce, "Baba, kowa ya san shi." Mai shayi ya yi dariya har ya kusa zubar da madara. Ni kuwa amsar yaron nan ta bi ni har gida, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara bayyana wasan, domin mai karatu wanda bai taɓa gani ba. Asalinsa daga ƙasar Holand ne, inda aka fara shi cikin 1999. Sunan kuwa an ɗauko shi ne daga wani littafi da wani Bature, George Orwell, ya fitar cikin 1949, labarin wani azzalumin shugaba wanda idonsa ke bisa kowane talaka dare da rana. Watau abin da marubucin ya kawo don ya tsorata mutane, shi aka mai da abin shagali. An fara irinsa na Nijeriya cikin 2006, aka dakata, sa'an nan aka komo da shi cikin 2017. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, shi ke da shi.

Akan zaɓi samari da 'yan mata wajen ashirin ko fiye, a rufe su cikin gida guda kamar mako goma, ba waya, ba jarida, ba fita. Kowane lungu akwai na'urar ɗaukar hoto, kowa kuma yana rataye da abin ɗaukar magana. Ana nuna cinsu da shansu, da barcinsu, da faɗansu, da soyayyarsu. Wata murya wadda ba a ganin mai ita ke ba su umurni. Kowane mako 'yan kallo su jefa ƙuri'a, ran Lahadi a kori waɗanda suka kasa. Wanda ya saura a ƙarshe shi ya ci. Cikin 2017 kyautar naira miliyan 25 ce, cikin 2020 ta kai ta miliyan 85 tsakanin kuɗi da kaya, cikin 2023 kuwa miliyan 120.

To, masu wasan suna cewa abin da ya bambanta shi da fim shi ne, nan ba ƙage, zaman gaskiya ake nunawa. Wannan shi ne wuri na farko da zan yi musu gardama. Kai mai karatu, ka tuna ranar da mai duba makarantu ya zo ajinku na yaƙi da jahilci. Ba kowa ya gyara zama ba? Mai gyangyaɗi ya wartsake, mai surutu ya kame bakinsa. Idon mutum guda ke nan ya sake halin aji duka. Ina ga wanda ya san idon miliyoyi na kansa, kuma ya san miliyan ɗari na jiran wanda ya fi ɗaukar hankali? Lalle wannan ba zai yi dariya ko kuka ba sai ya auna ribarsa. Ɗan wasan kwaikwayo ya fi shi gaskiya, domin shi ya gaya maka tun farko wasa yake yi.

Na biyu, dubi irin halin da wasan ke saka wa. Mutum mai kunya, mai kawaici, wanda ke wanke kwanonsa ya koma gefe, 'yan kallo kan ce ba ya ba da nishaɗi, sau da yawa shi ake fara kora. Wanda ya iya tsokana, da wadda ta iya zage-zage, su ake yanko hotunansu ana watsawa cikin wayoyi har gari ya waye. Watau abin da iyayenmu suka hore mu da shi, a gidan nan shi ne laifi, abin da suka kwaɓe mu a kai kuwa shi ne jari. Yaron da ya yi mako goma yana kallon wannan ya ɗauki darasi, ko da ba wanda ya ce masa darasi ne.

Na uku, mu tambaya, wa ke biya, wa ke ci? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin ya ba da labari cewa cikin 2020 an jefa ƙuri'a fiye da miliyan 900, watau ninkin mutanen Nijeriya wajen sau huɗu, domin mutum guda yana iya jefawa sau da yawa. A shekarun farko har da saƙon waya na kuɗi ake jefa ta. Mai kallo shi ke biyan kuɗin wata na tasha, shi ke sayen katin waya, sa'an nan a tattara idanunsa a sayar wa masu talla. Cikin 2019 babban mai ɗaukar nauyin wasan shi ne Bet9ja, cikin 2020 kuwa Betway, dukansu kamfanonin caca ne. Saboda haka saurayin nan na Kalgo da ya jefa ƙuri'a ashirin yana tsammani shi alƙali ne, alhali shi ne hajar da aka kai kasuwa.

Amma kada in yi rashin adalci. Akwai waɗanda suka shiga gidan da sana'arsu a hannu. Wanda ya ci cikin 2020, Laycon, mawaƙi ne tun kafin ya shiga, ya kuma gama Jami'ar Ikko. Wasan yana ba masu ɗaukar hoto da maɗinka da masu abinci aikin yi. Kuma ba na zargin yaron da ya gama makaranta ya rasa aiki in ya yi kwaɗayin kuɗin nan. Yunwa ba ta san kunya ba. Abin da nake zargi shi ne tsarin da ya juyar da al'amari, ya sa suna a gaba, aiki a baya, ko ma babu aikin sam.

Kada kuma wani ya ce ai wannan abin mutanen Kudu ne, bai shafe mu ba. Gidan yana Ikko, amma darasinsa ya riga ya iso. Yau kowane mai wayar hannu yana iya buɗe nasa ɗan gidan a TikTok ko Facebook, ya zama shi ne ɗan wasa, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne sanƙiran kansa. Cikin 2025 an ga wani saurayi a Kano yana wanka da ruwan kwata da garin gawayi, ba don komi ba sai don a san shi, aka kuwa san shi, har aka yi ta ba shi kyauta. Hukumar Hisba ta Kano ta sha kama masu irin wannan sana'a, har rigimar ɗaya daga cikinsu ta kai shugabanta, Malam Aminu Daurawa, ga ajiye aiki cikin 2024, kafin a sasanta ya komo. Abin mamaki, kowane kamu sai ya ƙara wa wanda aka kama mabiya. A wannan kasuwa zagi da yabo farashinsu ɗaya, tun da na'ura ƙidayar masu kallo kaɗai ta iya, ba ta san wanda ya kalla yana tsaki ba.

Wani dattijo zai ce, "Allah ya jiƙan zamanin da." To, a nan ma sai mu faɗi gaskiya. Son a san mutum ba baƙo ne a ƙasar Hausa ba, kuma sayen yabo da kuɗi ba yau aka fara ba. Muna da maroƙa da sanƙirori da 'yan ma'abba tun kaka da kakanni. Sau nawa aka kira marowaci da sunan mai kyauta don ya miƙa riga? Nan ƙasar Gwandu aka yi marigayi Alhaji Gambo, mutumin Fagada ta wajen Maiyama, wanda zalaƙar bakinsa ta sa har ɓarayi suka yi suna, kafin ya bar waƙar daga baya. Ashe harshe mai kaifi yana iya ɗaga wanda bai cancanta ba tun kafin a ƙera talabijin.

Duk da haka akwai bambanci, kuma a nan zancen yake. Makaɗin da yakan zo ne a bayan aiki. Ɗan Anace bai ƙagi Shago ba. Shago ya shiga fage ya yi dambe gaban jama'a, kowa ya ga wanda ya faɗi da wanda ya tsaya, kana waƙa ta biyo. Makaɗin noma yana bin bayan wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya. Ko a Argungu, maƙwabtanmu, in an fito daga Matan Fada sikeli ake ɗorawa, kamar yadda cikin 2020 kifin da ya ci ya kai kilo 78, ba wanda zai ci da yawan magoya baya. Kuma mai yabo da wanda ake yabo da masu saurare duk gari ɗaya suke, in maroƙi ya zarce, tsofaffi sun san iyakar gaskiya. Yanzu kuwa wanda ake yabo yana nesa, ba ka san gidansu ba, ba ka san maƙwabcinsa ba, abin da ya zaɓa ya nuna maka shi kaɗai ka sani. Da can sun ce yabon kai jahilci ne. Yau an mai da shi sana'a.

Mu mutanen wannan ƙasa muna da ma'auni a kusa, ba sai mun yi aro ba. A garin Gwandu kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu cikin 1829. Ga mutum wanda suna ya zo masa har ƙofa, ƙanen Shehu, wazirinsa, jagoran yaƙi. Amma cikin 1807, da ya ga zukatan mutane sun fara karkata ga neman mulki da dukiya da ado, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake shari'a da mulki, sa'an nan ya komo. Shi da kansa ya ba da labarin wannan damuwa tasa cikin Tazyinul Waraƙati. Ba mu da hotonsa ko guda. Ba mu san muryarsa ba. Amma yau shekara kusan 200 ke nan, tafsirinsa Liya'ut Tawili yana hannun malamai, ana karanta shi. In ka tambayi yaro a Gwandu da me aka san Abdullahi, ba zai ce maka "kowa ya san shi" ba, zai nuna maka littafi. Su kuwa samarin nan na teburin shayi, na tambaye su sunan wanda ya zo na uku a wasan shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya tuna. Wutar kara ke nan, ta tashi sama, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka.

Ba kuwa gasa ce abin ƙi ba, ko nuna ta a talabijin. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, ana nunawa, ana ba da kyauta mai tsoka, yara maza da mata suna yin suna. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke yin gasar Hikayata, matan da ba wanda ya san su suka fito ta dalilin alƙalaminsu. A nan akwai abin da ake aunawa, akwai alƙalai masu sani, wanda ya ci kuma yana fita da abin da ba a iya ƙwace masa. Ina ma masu gidajen talabijin namu za su duba wannan, su shirya mana gasar manoman shinkafa na fadamar Kabi, ko ta masaƙa da maƙera, ko ta ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke nan Kalgo, a bi su da na'ura mako goma a ga abin da hannunsu zai fitar. Ina tabbatar muku za a kalla.

Waɗansu na kira a hana wasan. Ni ban ga hani kaɗai zai wadatar ba, domin abin da ke saukowa daga tauraron ɗan Adam ya shiga aljihun yaro, ba dogari ke tare shi ba. Mai tare shi sai hankalin mai kallo. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, kun koyi karatu ne don kada a karanta muku wasiƙa a ɓoye rabi, kada a ba ku rasit na ƙarya, kada a sa ku dangwala yatsa bisa abin da ba ku sani ba. To, hoto ma rubutu ne, wani ya tsara shi, yana kuwa da abin da yake nema gare ku. In ɗanka ko 'yarka ta kawo maka waya ta ce ga wane sananne, kada ka fizge wayar, kada kuma ka kau da kai. Zauna ku kalla tare, sa'an nan ka yi tambaya cikin lumana: da me aka san shi, wa ya shaida, wa kuma ke cin ribar kallonmu? In an sami amsa, madalla, a yaba masa. In ba a samu ba, yaron da kansa zai gane, ko bai faɗa ba.

Allah ya sa a san mu da alheri, ya ba 'ya'yanmu sana'ar da za ta riƙe sunansu bayan ba su. Amin.