Hannu Ya Tsaya A Bayan Uwa

Ƙanwata da ke aure a jihar Ohayo ta Amurka ta kira ni wata ranar Asabar, cikinta na wata bakwai, muryarta wasai kamar wadda aka sauke wa kaya. Makonni ke nan kukanta ɗaya ne, kwankwaso. Ba ta iya juyi a gado sai da dabara, ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau matakala, sallah ma a kan kujera take yi. Ta faɗa a wajen awo, aka ce mata ai haka ciki yake, ta yi haƙuri, in ta sauka zai tafi. To ranar nan wata maƙwabciyarta ta raka ta wurin masu gyaran ƙashin baya, waɗanda ake kiran sana'arsu kairofiraktik.

"Yaya, wallahi kusan minti arba'in matar nan ta yi tana saurarena," in ji ta. "Ta kwantar da ni rub da ciki a kan wani gado mai rami a tsakiya, ta danna nan ta danna can, na tashi kamar ba ni ba."

Na taya ta murna har zuciyata. Da ta ci gaba da magana ne gabana ya faɗi. An ce ta riƙa zuwa sau biyu a mako har haihuwa don a buɗe wa yaro hanya ya juya, tunda hoton ciki ya nuna a zaune yake. An kuma ce in ta sauka lafiya ta kawo jaririn cikin makon farko a duba masa wuya, wai matsewar haihuwa tana gocar da ƙashin bayan jarirai.

Abu uku aka ƙunsa mata a ganye ɗaya: sauƙin ciwon baya, juya yaro a ciki, da gyaran jariri. Na farkon ba ni da ja a kansa, in an bi a hankali. Sauran biyun kuwa ban yarda da su ba, kuma daɗin na farkon ne yake sa mata su karɓi sauran ba tare da tambaya ba.

Sana'ar nan tushenta daban ne da na likitancin asibiti. A 1895, a garin Davenport na jihar Ayowa, wani mai suna Daniel David Palmer, da ke warkarwa da abin da ake kira maganaɗisun jiki, ya ce ya danna ƙashin bayan mai kula da ginin ofishinsa, Harvey Lillard, sai kunnen mutumin da ya daɗe a toshe ya buɗe. A kan wannan ya gina aƙidarsa, cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa, domin sukan danne jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin likitanci ba lasisi. Yau dukkan jihohin Amurka 50 suna ba masu wannan aiki lasisi, suna yin karatu na wajen shekara huɗu, suna kuma sa "dakta" a gaban sunansu. Wannan "dakta" ɗin yana ruɗar mutanenmu ƙwarai. Ƙanwata ta ɗauka likitar ƙashi ta gani, alhali matar ba ta yi karatun karɓar haihuwa ko na cututtukan yara irin na asibiti ba.

Da yawa cikinsu sun bar aƙidar Palmer, sun tsaya ga ciwon baya da gaɓoɓi, kuma ya kamata a yaba musu. Hukumar da ke kula da su a Birtaniya ta fito a 2010 ta ce babu binciken asibiti da ya nuna wannan gocewar ce ke kawo cuta. Ita ma ƙarar "ƙas!" da ake ji, wadda ta cika bidiyoyin TikTok da Instagram har suka iso wayoyinmu, ba ƙashi ba ne ya koma gurbinsa. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton gaɓar yatsa da na'urar MRI a 2015, suka ga kumfar iska ce take samuwa a ruwan gaɓar lokacin da aka ja ta. Amma ɓangaren da ya fi tallata kansa ga masu ciki da jarirai, har yau da harshen Palmer yake magana.

Ciwon dai gaskiya ne, kuma a nan nake ganin laifin asibiti. Ciki yana girma, nauyi ya rinjaya gaba, gadon baya ya ƙara lanƙwasa. Sinadaran ciki, irin su rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙugu don hanya ta samu. Kusan rabin masu ciki ko fiye suna fama da ciwon baya, kuma wajen ɗaya cikin biyar tana samun ciwon ƙugu na musamman, irin wanda ke sa taka ƙafa ɗaya ya zama azaba. Maganin sha kuma ya ƙaranta a hannunta: a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki su guji dangin ibuprofen daga mako na 20, saboda yana iya taɓa ƙodar yaro ya rage ruwan mahaifa. Mace tana cikin wannan hali, ta je awo a sallame ta cikin minti goma da kalmar haƙuri. Duk wanda ya zaunar da ita, ya tambaye ta inda ke ciwo, ya sa hannu daidai wurin, ya riga ya sami zuciyarta. Ina ganin rabin nasarar sana'ar nan a wurin mata daga wannan sauraron take.

Tausa da danna baya suna da gurbinsu. Ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sa su a 2017 cikin hanyoyin da za a iya gwadawa kan ciwon kwankwaso kafin a kai ga magani. Ga masu ciki, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2015 ya fi ba motsa jiki ƙarfi, shi ma hujjarsa ba ta da ƙarfi sosai. Saboda haka in mace ta sami mai hannu mai taushi, da sanin likitarta, tana jin sauƙi, ba zan hana ta ba. Sharaɗina shi ne a fara tabbatar da cewa ciwon na ƙashi da nama ne. Ciwon baya da zazzaɓi da zafin fitsari yana iya zama cutar ƙoda. Ciwon da ke zuwa yana tafiya a kan lokaci yana iya zama naƙudar bakwaini. Ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ganin dishi-dishi alamun hawan jinin ciki ne, wanda ke iya kaiwa ga jijjiga. Waɗannan duk na asibiti ne, a ranar. Sannan kada a murɗe wuya. Akwai rahotannin tsagewar jijiyar jinin wuya da shanyewar ɓarin jiki bayan irin wannan fizgar. Abin ba ya yawan faruwa, masana kuma suna gardama kan ko fizgar ce sanadi, amma wadda ta zo da ciwon kwankwaso me ya kai hannu wuyanta?

Batun juya yaro shi ya fi ci mini rai, don a nan ake sayar wa mace abin da jikinta zai yi mata kyauta. Dabarar da suke amfani da ita ana kiranta da sunan Larry Webster, wanda ya kafa ƙungiyarsu ta masu duba yara, ICPA, a 1986. Ana danna ƙashin da ke ƙasan gadon baya inda ya haɗu da ƙugu, a kuma shafa wata jijiya a gefen mara. A hukumance ƙungiyar tana cewa daidaita ƙugu kawai ake yi. A bakin mutane kuwa, da abin da aka gaya wa ƙanwata, maganar juya yaro ce. Lambar da ake yawan kafa hujja da ita, nasarar kashi 82 cikin ɗari, ta fito ne daga wata takardar tambayoyi da aka buga sakamakonta a 2002. Masu sana'ar aka tambaya su faɗi yadda aikinsu ya kasance, kaɗan daga cikinsu suka amsa, kuma ba a kwatanta da matan da ba a taɓa ba.

Kwatancen nan kuwa shi ne komai. A wajen mako na 28, kusan yaro ɗaya cikin huɗu a zaune yake ko a karkace. In lokacin haihuwa ya yi, uku zuwa huɗu cikin ɗari ne kawai suka rage a haka. Ke nan mafi yawansu da kansu suke kifa kai ƙasa, ko an danna ƙugun uwa ko ba a danna ba. Wanda ya fara ganin mace a wata na bakwai, da wuya ya rasa labarin nasara.

Wadda yaronta bai juya ba ita nake ji. Asibiti yana da hanyar da aka gwada aka auna. A mako na 36 zuwa 37 likitan haihuwa yakan sa hannu a kan cikin ya juya yaron daga waje, ana kallonsa a na'ura, ana sauraron bugun zuciyarsa, ɗakin tiyata yana kusa ko da wani abu zai taso. Ana dacewa a wajen rabin lokuta. Amma abin yana da lokaci. In yaro ya ƙara girma, ɗuwawunsa suka sauka cikin ƙugu, juyin yakan ƙara wuya. Matar da aka ce wa ta ƙara haƙuri da zuwa sau biyu a mako tana iya wayar gari ta ga lokacin ya wuce, sai aiki.

Jarirai kuma, ƙasashen da suka san sana'ar nan sun riga sun sha rikici a kai. A 2008 marubucin kimiyya Simon Singh ya soki ƙungiyar masu kairofiraktik ta Birtaniya a jaridar Guardian kan iƙirarin magance kukan ciki na jarirai, ciwon kunne da asma. Suka maka shi a kotu, suka janye ƙarar a 2010 bayan kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya kan ma'anar kalamansa. A Ostareliya, a 2019, bidiyon wani mai sana'ar a Melbourne ya bazu, yana riƙe da jariri ɗan mako biyu ta ƙafafu kansa a ƙasa, yana kuma danna masa baya da wani ɗan ƙarfe. Hukumarsu ta dakatar da taɓa ƙashin bayan yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Binciken da gwamnatin jihar Victoria ta sa aka yi bai sami rahotannin cutarwa masu yawa ba, wannan gaskiya ne, amma bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar amfani ba ga kukan ciki, fitsarin kwance ko ciwon kunne. Hukumar ta ɗage takunkumin a ƙarshen 2023, ministocin lafiya suka yi ca, aka mayar da shi a watan Yunin 2024. Ƙashin bayan jariri da yawansa guringuntsi ne, wuyansa bai iya ɗaukar kansa ba. Kukan ciki kuwa yakan lafa da kansa a wata uku zuwa huɗu. In amfanin bai tabbata ba, ni ko ƙanƙanin haɗari ya yi mini yawa a kan ɗan kwana bakwai.

Na san abin da ke kai mai jego can bayan haihuwa. A Amurka dokar hutun iyali ta 1993 mako 12 ta bayar, ba albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya ta shafa ba. An daɗe ana sallamar mace daga asibiti da takardar dawowa bayan mako shida, ita kaɗai da jariri da bayan da ya gaji da sunkuyon shayarwa. Mu da muka tashi muka ga ana kai mace gida wanka, a yi kwana arba'in ana gasa mata jiki, ana dama mata kunu, mun san darajar hannun da ke taɓa mai jego. Mun kuma san daɗin abu ba ya wanke shi daga illa. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da gasa ɗaki da yawan kanwa a kunu. Iyayenmu da ƙauna suke yi, matan ma suna jin daɗin jikinsu. Da wannan idon nake kallon gadon mai rami a tsakiya.

Abin da jikin mai jego yake nema sananne ne: naman ciki da ya rabu ya haɗu, naman ƙasan ƙugu ya yi ƙarfi don fitsari ya daina zuba in ta yi tari ko atishawa. Wannan aikin likitocin gashin ƙashi ne, masu koya wa mace motsin da za ta yi da kanta a gida. A Faransa inshorar lafiya ta ƙasa ce ke biya wa mace wannan horon bayan haihuwa. Kuma hawan jinin ciki yana iya tasowa har makonni shida bayan an sauka, don haka mai jego da kanta ke sarawa awon jini take buƙata kafin kowa ya taɓa mata wuya.

Ƙanwata ta ci gaba da zuwa don bayanta, bayan na matsa ta gaya wa likitarta, aka kuma sa mata ranar juyin asibiti a mako na 37. Ba a kai ga ranar ba. A mako na 34 hoto ya nuna yaron ya kifa kai. Har yau ta yarda matar ce ta juya shi, na kawo mata lissafin ɗaya cikin huɗu da uku cikin ɗari, ta ce, "Yaya, ke dai ba ki ji abin da na ji ba." Ban ci nasara a kanta a nan ba, kuma abin yana damuna, don na san za ta ba wata labarin.

Maganar jaririn kuwa Innarmu ce ta kashe ta. Ta je Ohayo jego, ta ga katin ganin matar a manne jikin firij, ta tambaya aka yi mata bayani. Ta gyara goyon da ke hannunta, tafinta a ƙarƙashin ƙeyarsa, ta ce, "Ke, wannan wuyan da nake tallafe da shi kamar ƙwai, shi za ki kai a danna? Ba da jikana ba." Ranar da aka rubuta a katin ta zo ta wuce, suna gida ana yi masa wanka.