Ƙaunar bawa ga ubangijinsa a cikin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, yana cikin labaran da ake ba matasa su karanta. A nan Gure da sauran ƙasar Damagaram, inda ba a manta da ayarin Tarabulus ba, labarin ba baƙo ba ne.

An sace Umar yana yaro, daga bisani ya faɗa hannun Abdulkarim, Balarabe, wanda ya kai shi Misira, ya sa shi karatu. Umar ya ɗauke shi uba. Galibin manazarta suna kiran wannan ƙaddara. To amma wane ne ke ba da labarin? Umar ne, bayan ya zama shaihi, wato wanda bauta ta yi wa rana. Yaron da ba shi da kowa dole ya so mai ciyar da shi.

Ma'aunin gaskiya shi ne mahaifiyarsa. Ta fita nemansa, aka bautar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Malamin da zai koyar da wannan littafi, daga gare ta ya kamata ya fara.