Wane Tsarin Alamomi Ya Dace da Rubuta Jagorar Manhaja da Hausa?

A wannan maƙala muna so mu yi sharhi a kan wani ra'ayi da ya yi ƙarfi tsakanin masu koyar da ilmin kwamfuta, wato cewa duk mai rubuta jagorar manhajar da aka buɗe tushenta ga kowa, to ya ɗauki Markdown kawai. Hujjarsu ita ce sauƙi. Lalle kuwa tsarin nan da John Gruber ya fitar a 2004 ɗalibi na iya naƙaltarsa a zama ɗaya. Amma an auna sauƙin ne da Ingilishi, alhali mu a Daura, inda aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya a 2019, muna fatan ɗalibanmu su rubuta jagora da Hausa.

Mu ɗauki kalmar 'ya'ya. Manhajoji da dama da ke mayar da Markdown shafin karatu suna ƙawata alamomin zance da kansu, sai su ɗauki alamar da ke farkon kalmar a matsayin buɗe zance, su juya ta. Ga Bature wannan ado ne. Ga Bahaushe kuwa an taɓa harafi ne. Makwabtanmu na Damagaram da Maraɗi sun huta da wannan, domin ƙa'idar rubutun Nijar tana da harafi guda, ƴ.

Abokin takararsa, reStructuredText na David Goodger, shi ma bai tsira ba. Sphinx, wadda ta fito a 2008, tana yin irin wannan ƙawa sai an hana ta. Bugu da ƙari, idan za a ƙirƙira adireshin kanun babi, sai a rage shi zuwa haruffan Ingilishi zalla, ƙafa ta koma kafa. Duk da haka muna ganin ya fi cancanta ga aiki mai tsawo, saboda yana rarraba jagora sakin layi-sakin layi domin fassara, ta yadda in aka gyara asalin, mai fassara zai ga daidai wurin da ya canza. Masu kula da Linux ma sun mayar da jagorarsu kansa a 2016.

Game da ajami kuwa, wanda har yau ake rubutu da shi a makarantun zaure na masarautar nan, Markdown ba shi da alamar nuna rubutun dama zuwa hagu, sai an ranto daga HTML.

Shawararmu ga sassan kwamfuta da na Hausa ita ce, kafin su tsayar da tsari, su gwada shi da shafi ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da 'y a kanu da cikin jimla, da layi guda na ajami, su kashe ƙawar alamomin zance, sannan su duba abin da ya fito.