Makaranta Ta Ci Kofi da 'Ya'yanta

Idan ƙungiyar ƙwallon makaranta ta yi kakar wasa mai kyau, gari ne gaba ɗaya yake cin riba. A nan Mafaza, da sauran garuruwan bakin kogin Rahad har zuwa Hawata, wanda bai taɓa leƙa aji ba ma sai ka ji yana cewa yaranmu sun ci. Ina son wannan farin ciki, kuma bayan abin da Sudan ta gani tun ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, babu mai imanin da zai yi wa gari rowarsa. Abin da ke damuna shi ne hanyar da ake bi a samo shi. Wata ɗabi'a ta yi jijiya a ƙwallon makarantu, ba a nan kaɗai ba, har Najeriya da Nijar: a ɗauko sojan haya, a sa masa rigar makaranta, a ci kofi da ƙafarsa.

Kowa ya san yadda ake yi. Ana saura 'yan kwanaki a fara gasa, sai a zaga filayen unguwa da la'asar, inda samari ke buga ƙwallo, a zaɓo gwanaye biyu ko uku. Ranar wasa an ja layin fili da toka, jama'a sun kewaye, sai ka ga ƙato ya shigo, haɓarsa ta sha sabon aski, rigar ta matse masa kafaɗa. A gefen fili kuwa ga yaron da ya yi watanni yana zuwa atisaye bayan an tashi daga aji, yana riƙe da jarkar ruwa. Sunan da ke takardar alƙalin wasa nasa ne, amma shi ba zai taɓa ƙwallon ba. Na ga irin wannan a wata makaranta, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yadda yaron ya yi ta tafi tare da kowa lokacin da aka zura ƙwallo da sunansa. An riga an koya masa cewa haka duniya take.

Wannan shi ne laifi na farko, kuma ya fi sauran girma. Makaranta wurin tarbiyya ce. Malamin da ya hana satar amsa da safe, ya kuma shirya satar suna da yamma, ya rushe darasinsa da hannunsa. Laifi na biyu ya shafi ƙwallon kanta. Duk inda ake samun ɗan wasa a shirye, koyarwa mutuwa take yi. Wa zai ɓata wata uku yana nuna wa yaro yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa, ko yadda mai tsaron baya ke duba kafaɗarsa kafin ƙwallo ta iso, alhali da kuɗin shayi za a kawo wanda ya iya? Kayan aro ba ya ado. Ana gama gasa gwani zai koma unguwarsa, makaranta ta koma inda take, sai kofi a ofishin shugaba.

Tarihin ƙwallon Sudan kansa shaida ne a kan masu wannan aiki. Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902, wadda ta zama Jami'ar Khartum a 1956, tana cikin wuraren da wasan ya fara kafuwa a ƙasar. Daga nan Dakta Abdulhalim Muhammad ya fito, likita, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a Khartum a 1957, shekarar da birnin ya karɓi gasar cin kofin Afirka ta farko. A 1970 Sudan ta ɗauki kofin a gida bayan ta doke Ghana da ci ɗaya da nema, kuma Ali Gagarin na wannan tawaga ya yi karatunsa har ya zama jakada. A Najeriya ma, Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994 sannan yana mai horarwa a 2013, ɗan kwalejin St. Finbarr's ne ta Legas, makarantar da ta yi suna da ƙwallon ɗalibanta. Waɗannan mutane 'yan aji ne na gaskiya. Da an zaunar da su a benci don a sa wani, da ba mu san sunansu ba.

Masu kare sojan haya suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa yaron nan da ake ɗaukowa ɗan gari ne shi ma, yana da baiwa, talauci ne ya hana shi makaranta. Gaskiya ne. A ƙasar Gadarif, ƙasar riɗi da dawa, idan kaka ta yi riɗi ba ya jira. In ba a yanke shi da wuri ba sai ya fashe ya zube a gona, don haka gida kan janye duk mai ƙarfi daga aji. Wasu sukan dawo, wasu shi ke nan. Wasu kuma daga makarantar allo suka wuce kasuwa. To amma idan makaranta tana son ƙafar yaron nan, me ya hana ta so kansa? A je wurin mahaifinsa, a roƙa, a rubuta sunansa a rajista, a ba shi kujera da littafi. In ya zauna a aji ya cika zango, ya buga da sunansa na yanka, kowa ya yi masa tafi. Ƙwallo tana da ƙarfin jawo yaro makaranta fiye da bulala da wa'azi. Aron ƙafarsa na kwana goma cin moriyar ganga ne, a ya da kwaurenta.

Akwai wani abu da ya kamata a yi wa adalci. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023, da Sinja a tsakiyar 2024, makarantu da dama a jihar Gadarif sun zama masaukin 'yan gudun hijira, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana, yara suka yi asarar karatu mai tsawo. Saboda haka yau za ka iya samun saurayi a ajin da ya girme shi, kuma ɗalibi ne na halal. Kallon ido ba ya raba gardama. Ko hukumar ƙwallo ta duniya sai da ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 a Najeriya. Mu ba mu da wannan na'ura, kuma ba ma bukatarta. Muna da rajistar kiran suna, muna da malamin aji, muna da gari inda kowa ya san ɗan kowa.

Abin da nake nema a yi ba ya cin kuɗi. Kafin gasa, kowace makaranta ta ba abokiyar karawarta jerin 'yan wasanta, a bar malami daga can ya zo ya gan su a aji ranar karatu. Wanda bai cika zango guda yana halarta ba, ya jira baɗi. Makarantar da aka kama a ƙwace makinta, a sanar a gaban ɗalibai. Sannan a dawo da gasar aji da aji, inda ake gano yaran da ba su da mai yi musu magana. Idan damina ta wuce, laka ta bushe, hanya ta buɗe, a riƙa kai wa juna ziyarar wasa tsakanin garuruwa ko da babu kofi.

Akwai kuma abin nema a gaba. CAF ta fara gasar makarantu ta Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 15, kuma a wasan ƙarshe na farko a Durban a 2023, makarantar Ben Sekou Sylla ta Gini ce ta yi nasara a ɓangaren maza, Fountain Gate ta Tanzaniya a ɓangaren mata, kowacce da dala 300,000 don gyaran makaranta. Babu inda aka rubuta cewa yaran bakin Rahad ba za su kai can ba. Tawagar Sudan, ƙarƙashin Kwesi Appiah, ta samu gurbin gasar Afirka ta Maroko tana buga wasannin gidanta a ƙasashen waje, Al-Hilal da Al-Merrikh kuma suka yi kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Moritaniya. Wannan tawaga za ta bukaci magada, kuma daga makarantu irin namu za su fito, in mun koya musu.

Ina kira ga shugabannin makarantu da malaman wasanni da iyaye: ku auna kakar wasa da yawan ɗalibanku da suka buga, da yawan waɗanda ƙwallo ta dawo da su aji. In kofi ya zo a kan haka, mu yi murna har gari ya waye. In bai zo ba, a koma fili a ci gaba da koyarwa, domin yaran da suka sha kashi bana da sunansu su ne za su iya cin baɗi.