Alhaji Adamu Halilu da Fim Ɗin Shaihu Umar

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka cewa fim ɗin Hausa ya faro ne daga Turmin Danya, wanda aka yi a Kano a 1990. Wannan shi ne mafarin finafinan bidiyo. Amma shekara 14 kafin nan, marigayi Alhaji Adamu Halilu ya riga ya shirya Shaihu Umar da harshen Hausa, a kan faifan silima.

An haifi Adamu Halilu a ƙasar Adamawa a 1936. Ya koyi aikin fim a Ingila, sannan ya daɗe yana shirya wa gwamnati finafinan wayar da kai, irin waɗanda dattawa za su tuna ana nunawa a majigi a ƙofar fada. Bayan Shaihu Umar (1976) ya yi Kanta of Kebbi (1978), ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Allah Ya yi masa rasuwa a 2001.

Tushen Shaihu Umar shi ne littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo. Halilu ya riƙe tsarin littafin: malami na zaune cikin almajiransa yana ba su labarin asalinsa, tun daga makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyarsa, har zuwa yadda aka sace shi yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi, da yadda uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi.

Ƙarfin fim ɗin yana ga natsuwarsa. Ya ɗauki fiye da awa biyu, ba ya gaggawa, yana barin mai kallo ya ƙare wa zaman fada da makarantar zaure da tafiyar ayari kallo. Abin da ɗalibi ya karanta a takarda game da fataucin Sahara, nan zai gan shi da ido, kuma gani ya kori ji. Hausar da ke bakin 'yan wasan ma abin koyi ce.

Sai dai biyayyar da Halilu ya yi wa littafin ta zo da nata rauni. Littafin ya ɗauki bauta a matsayin jarrabawar da bawan Allah ke jurewa har ya kai ga ɗaukaka, fim ɗin kuma ya bi shi a haka. Umar ya tsira ya zama shaihi, to ina labarin sauran da aka kora tare da shi cikin rairayi? Wahalar uwar ce kaɗai ta tsaya a madadinsu. Wannan tambaya ce da ya kamata malami ya jefa wa ɗalibansa.

Babbar asarar kuwa ba daga gare shi take ba. Da yake fim ɗin mallakar gwamnati ne, bai shiga kasuwa ba, aka ajiye shi har aka ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faya-fayansa, wata cibiya a Jamus ta gyara su, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Saboda haka, ya dace hukumomin tarihi da al'adu su nemi wannan fim su kai shi makarantu, a riƙa nuna shi tare da karatun littafin. Allah Ya jiƙan Adamu Halilu, Ya sa ya huta.