Jitar Mdou Moctar Tsakanin Filin Biki da Dandamalin Turai

Waƙar Mdou Moctar ta riga shi yin tafiya. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da murya mai rawar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta Bluetooth da memori ya zaga wayoyin mutanen Sahel tun kafin Turawa su san sunansa. Yau mawaƙin nan Ba'abzine na Nijar da abokansa uku, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Ba'amurke Mikey Coltun, sun zama 'yan gida a bukukuwan kiɗan Turai da Amurka, waɗanda galibi ake yi tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Abin da ya dame mu shi ne: a ina kiɗan nan ya fi zama kansa?

Amsarmu tana cikin gajerun faifai biyu da suka fitar a 2022, Niger EP na ɗaya da na biyu. An tattara su ne daga wasannin da suka yi a gida, a wuraren biki da shaƙatawa da cikin gidajen mutane. Sautin bai da tsabtar situdiyo, amma a nan ne ake gane dalilin da ya sa waƙarsa take doguwa, take ta juyawa kan zaren kiɗa guda. A filin biki masu rawa ne ke riƙe da agogo. Muddin ƙafa na tayar da ƙura, mai ganga zai ƙara sauri, jita ta bi shi, waƙar ba za ta mutu ba sai jama'a sun gaji. Makaɗi da mai kallo duk a ƙasa ɗaya suke tsaye.

A babban dandamali kuwa an ƙayyade wa kowa mintunansa, akwai shinge tsakaninsa da jama'a, wata ƙungiyar tana jira a baya. Sai gudun da ya kamata ya taso sannu a hankali ya zo da wuri, hankalin 'yan kallo ya koma kan yatsun hannun mutum ɗaya. Shi ya sa marubutan can suke yawan kwatanta shi da Jimi Hendrix, yabon da ke ɗaga gwaninta ya bar rawar a baya. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: abin da ya yi kyau a kwamfutar ofis, sai ya shiga ƙaramar waya a inda sabis ke yankewa ake sanin gaskiyarsa. Kiɗan Mdou a ƙaramar wayar aka haife shi, ofishin ne baƙon wuri a gare shi.

Sai dai kada daɗin baki ya kwashe mu. Liƙin biki ba ya ɗaukar nauyin ƙungiya, yawon ƙasashen waje ne ke yi, kuma yana da nasa farashin. Suna tsakiyar yawon wasa a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ɗin uku suka maƙale nesa da iyalansu. A zaman jiran nan suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice cikin sanyin sauti, wanda ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. A kunnenmu shi ne faifansu na waje da ya fi kama da hirar tsakar gida, kuma kewar gida ce ta haife shi.

Wanda bai taɓa jin su ba, muna ba shi shawara ya fara da Niger EP kafin bidiyoyin manyan bukukuwa. Ya kunna a lasifikar waya ma, babu laifi. Ta nan waƙar ta fara zuwa.