Ɓarar Kalma da Sanin Cuta: Nazari a kan Fassarar Kalmomin Likitanci

A makarantun koyon aikin jinya da na ungozoma akwai wata hanya da aka daɗe ana bi wajen koyar da kalmomin likitanci. Watau a ɗauki doguwar kalma a ɓare ta kamar gyaɗa, a nuna wa ɗalibi saiwarta, da ɗafin da aka liƙa mata a goshi, da wanda aka liƙa a ƙeya. Galibin gutsattsarin nan daga Yunananci da Latinanci su ke. A Yunananci hefar ita ce hanta, nefros ƙoda, kardiya zuciya, sa'an nan ɗafin -itis akan fassara shi da kumburi. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan, in ya ji an ce hefataitis ko nefraitis, ba ya bukatar ƙamus. Hanyar tana da amfani ƙwarai, gama gutsattsari kaɗan su ne mabuɗin kalmomi masu ɗimbin yawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ad da aka ɗauko hanyar nan daga aji aka mai da ita ma'aunin fassara, har a ke ganin kalmar Hausa ba ta cika ba sai kowane guntu na baƙuwar kalmar ya sami takwaransa. Ra'ayin nan ya dogara bisa zaton cewa sunan cuta shi ne bayaninta. Tarihin sunayen kuwa bai goyi bayan wannan zato ba.

A dubi maleriya. Kalmar Italiyanci ce, ma'anarta muguwar iska, domin mutanen dā sun ɗauka tururin fadamu ne ke kawo zazzaɓin. A 1880 Alphonse Laveran, wani likitan sojan Faransa da ke aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci, kana a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Ilmi ya ci gaba, sunan ya tsaya inda ya ke. Da za a fassara shi guntu guntu a ce da Bahaushe yana fama da muguwar iska, lalle gidan boka zai nufa, don a Hausa iska tana nufin aljan. Sunan da ya zauna a bakin jama'a, watau zazzaɓin cizon sauro, ya fi na asalin gaskiya, kuma a cikinsa har akwai gargaɗin a shiga gidan sauro.

Ɗafin -itis ma haka ne. A tsohon Yunananci ba ya nufin kumburi ko kaɗan, alamar siffa ce kawai mai nuna dangantaka da wata gaɓa. Daga baya ne likitocin Turai suka keɓe shi ga wani hali na jiki wanda Celsus, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya ba alamu huɗu: ja, da kumburi, da zafi, da raɗaɗi. Ashe kumburi ɗaya ne cikin huɗu. Wanda aka gaya wa yana da kumburin hanta sai ya shafa cikinsa, in bai ji tudu ba ya ce lafiyarsa lau, alhali nau'in cutar da a ke kira B yana iya zama a jiki shekaru masu yawa ba tare da wata alama ba.

Aibi na biyu na hanyar shi ne ta kan sa a manta Hausa tana da nata kayan ƙira. Ɗafin ma- ya ba da mahaifa daga haifa, da mafitsara daga fitsari, da mabiyiya daga bi, kowace tana faɗin aikinta. Ɗafin -au ya ba da sanƙarau daga sanƙare, kuma da shi aka ƙera ƙanjamau daga ƙanjame. Ga kuma haɗin suna da suna, kamar hawan jini, da ciwon sukari, da yoyon fitsari. Babu ɗaya daga cikinsu da ta bi sawun Yunananci gaɓa da gaɓa, amma duk sun karɓu a asibiti da kasuwa. Malamin da ya koya wa ɗalibai ɗafin Yunanawa ashirin, bai nuna musu na Hausa ko guda ba, ya yi rabin aiki.

Amma fa kada a zaci kowane sunan gida ya kuɓuta daga aibi. Kamar na Turai, yawancinsu abin da ido ya gani ko abin da zuciya ta zata su ke riƙe da shi. Shawara tana nufin ɗorawar ido da fata, wadda alama ce da ke iya fitowa daga ciwon hanta, ko toshewar hanyar matsarmama, ko saurin fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Suna ɗaya ya rufe cututtuka dabam dabam, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Sanƙarau ya ambaci sanƙarewar wuya, amma jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa, sai dai maɗigarsa ta taso ya ƙi mama, uwar da ke jiran ganin abin da sunan ya faɗa tana iya makara. Ƙanjamau ya jingina cutar da rama, alhali mai ɗauke da ƙwayar yakan yi shekaru da ƙibarsa, mai shan magani a kan kari kuwa yana iya ƙare rayuwarsa bai rame ba. Shan inna ya ɗora laifin shanyewar ƙafa a kan aljana, wanda ya gaskata haka kuwa da wuya ya ga dalilin ɗigon rigakafi.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata a auna kalmar likitanci da shi a Hausa shi ne abin da mai jinta zai fahimta, da abin da zai aikata bayan ya ji. In tsohon suna ya kai shi ga magani, a riƙe shi. In yana ɓad da shi, a haɗa shi da bayani, ko a ƙera sabo da kayan Hausa. In kuwa babu mafita sai aro, a ara a gyara shi bisa lafazin harshen, yadda aka yi da kwalara da sikila. Aikin nan ya fi ƙarfin masanin harshe shi kaɗai, ya kuma fi ƙarfin likita shi kaɗai, sai su zauna tare, sa'an nan a gwada kalmar a kunnen masu jiran layi a asibiti kafin a buga ta a littafi. Malaman kwalejojin horon malamai su ci gaba da koyar da ɓarar kalma, amma su riƙa gaya wa ɗalibansu cewa asalin suna ta ke nunawa, sanin cutar kuwa sai an nemo shi wurin masu ilminta.